Na biya kuɗin ƙaura, domen ya ƙi tashi

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin harkar shafi ku agaza min, kaina ya kulle. Ina da shafin da nake sayar da atamfa da leshi, .com ne, tun 2021 aka yi masa rajista. Kamfanin da domen ɗin, wato sunan adireshin shafin, yake hannunsu sun turo min kuɗin sabuntawa na bana, wallahi ya kusa ninka na da. Sai na ga wani kamfani na waje da arha, na je na biya su kuɗin ƙaura, wato a ɗauke domen ɗin a mayar wajensu. Yau da safe suka turo saƙo wai an ƙi. Na koma wajen tsohon, maɓallin cire kullen domen ɗin ya yi toka-toka, ba ya dannuwa. Kuma saura kwana tara wa'adinsa ya cika.

Admin: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin kowa ya ce komai, kar ki ba wani fasuwod ɗinki, ko da ya bi ki ta bayan fage ya ce zai gyara miki. A nan fili za a yi magana kowa ya amfana.

Injiniya: Hajiya ki shiga lookup.icann.org ki rubuta sunan domen ɗin. Ki gaya mana abu biyu: me aka rubuta a wajen matsayinsa, kuma sunan wane kamfani ya fito a matsayin mai rajista. Sannan tambaya ɗaya, cikin 'yan makonnin nan kin taɓa suna ko imel ɗin mai domen?

Maman Ilham: An rubuta clientTransferProhibited. Sunan kamfanin kuma ba na waɗanda nake biya ba ne, wani ne daban ban ma taɓa jin sa ba. Maganar imel kuwa, eh. Yaron da ya gina min shafin da sunansa da imel ɗinsa ya yi komai. Da ƙyar na samu ya turo min bayanan shiga makon jiya, ina shiga na cire nasa na sa nawa.

Injiniya: To an zo wajen. Wannan rubutun da kika gani ma'anarsa an kulle domen ɗin, ba ya ƙaura. Tun Disamban 2016 ICANN, hukumar da ke tsara harkar domen a duniya, ta sa ƙa'ida cewa idan aka canja suna, ko sunan ma'aikata, ko imel na mai domen, kamfani zai kulle shi kwana 60 ba ya tashi zuwa wani kamfani. An yi haka ne don ɓarawon da ya kutsa asusun mutum kar ya sa sunansa yau ya gudu da domen gobe. Wasu kamfanonin suna ba da wani ɗan akwati da za ki danna ki ce ba kya son kullen, amma kafin canjin ake danna shi, ba bayansa ba. Yanzu da ya riga ya hau, da wuya ki sami ma'aikacin da zai cire miki. Kwana 60 daga ranar da kika tabbatar da canjin.

Kuma ki sani ba ki yi asara ba. Sa sunanki da kika yi ya fi ƙaurar muhimmanci nesa ba kusa ba. Tsari ne kawai ya juye, da ƙaurar aka fara sannan a gyara suna a sabon wuri.

Maman Ilham: Innalillahi. To kwana tara fa? Kulle kwana 60, wa'adi kwana tara.

Injiniya: Ki sabunta shi a inda yake, yau ɗin nan in da hali. Shekarar da kika biya ba ta ɓacewa don kin tashi daga baya, a jikin domen take, tana bin sa duk inda ya je. Idan kullen ya sauka kika yi ƙaura, sabon kamfani zai ɗora wata shekarar a kai. Su kuma waɗanda kika biya, ki buɗe musu tikit, wato ki shigar da koke a shafinsu, su dawo miki da kuɗinki. Yawanci cikin asusunki na wajensu suke zuba shi ba kan kati ba, sai ya jira ki.

Ɗalibi: Anti ni a ganina me zai sa ki biya su tsada? Ki bar shi kawai ya mutu, washegari ki je sabon kamfanin ki yi masa rajista sabo fil a farashin shekarar farko. Kin huta da kulle, kin huta da neman lambar ƙaura.

Baban Khalifa: Kai yaro! Kar ka kashe wa baiwar Allah kasuwa.

Ɗalibi: Ikon Allah, me na faɗa kuma Baba?

Baban Khalifa: Domen ba ya mutuwa yau ya fito kasuwa gobe. Idan .com ya cika wa'adi, akwai kwanakin rangwame da kamfani ke riƙe shi, iyakarsu 45, kuma kowane kamfani da nasa adadin, wani bai kai haka ba. A cikin kwanakin nan za su ɗauke shafinta su sa shafin talla, imel ya daina shiga. In an wuce nan sai ya faɗa kwana 30 na fansa, a nan ba ƙaura, ba sabuntawa da kuɗin da aka saba, sai an biya kuɗin fansa wanda ya ninka na shekara sau da yawa. Bayan haka wasu kwana 5 da ba mai iya taɓa shi. Lissafa ka gani, wata biyu da ɗoriya shagonta a rufe. Kuma ranar da zai fito ba da ɗan yatsanka za ka yi tsere ba, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kwamfutocinsu na jiran daƙiƙar da zai saki. Wasu kamfanonin rajistar ma ba sa bari ya kai can, gwanjonsa suke yi tun yana hannunsu. Domen mai shekara huɗu da mutane ke shiga, da sunansa a kan leda da kati da Instagram, ka ce a sake shi?

Ɗalibi: Na janye, Allah ya ba da haƙuri.

Injiniya: Tambayar ta yi amfani ai, da yawa haka suke zato. Bari in ƙara wani tarko a gefen wannan, shi ya sa na ce Hajiya ta biya kafin ranar ba bayanta ba. Idan .com ya cika wa'adi, Verisign da ke riƙe da rumbun .com ɗin gaba ɗaya tana sabunta shi da kanta ta caji kamfaninka. Idan ka zo bayan ranar ka biya kamfanin, sannan ka yi ƙaura cikin kwana 45 ɗin nan, Verisign za ta mayar wa tsohon kamfani kuɗinsa ta cire shekarar. Kai ka biya sau biyu, shekara ɗaya ka samu, kuma ka je ka yi ta rubuta tikit. Duk wanda ya sabunta a makare, ya zauna kwana 45 su wuce kafin ya motsa.

Ɗan Gwale: Ni wani abu ne ya tsaya min a maganar nan. Ana ta cewa "yaron da ya yi da sunansa" kamar ya yi sata. Ni ma sana'ata ke nan, kuma duk domen ɗin kwastomomina a asusuna suke da sunana. Ku tambaye ni dalili. Mutum zai zo ya ce a gina masa shafi, ya ba da rabin kuɗi, a gama aiki ya ɗauke ƙafa. Ka kira ya ce yana hanyar Abuja, ka sake kira ya ce an yi rasuwa. In domen na hannunsa me ka riƙe? Sannan rabinsu ba sa buɗe imel, wani fasuwod ɗin Gmail ɗinsa ma mai shagon waya ne ya sani. Kamfani zai turo tunatarwa wata guda kafin wa'adi, ya sake turowa saura mako, ba wanda ya gani. Shafi ya mutu, wa za a kira da tsakar dare? Ni.

Hajiya Mai Lalle: Malam Ɗan Gwale, da girmanka. Wato in na kira magini ya gina min shago, sai ya je ya yi takardar filin da sunansa don kar in hana shi cikon kuɗi?

Ɗan Gwale: Hajiya ai magini yana ganin gidanki, ya san mai unguwarku. Ni wani kwastoman ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Injiniya: Ɗan'uwa na san zafin da kake faɗa, duk wanda ya yi aikin nan an taɓa cinye masa kuɗi. Amma ka duba abin da kake riƙewa. Aikinka shi ne shafin, lambobin da ka rubuta da zanen da ka yi. Wannan ka riƙe, kar ka ɗora shi a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet, sai an cika maka. Domen kuwa sunan kasuwancin mutum ne, da kuɗinsa aka saya. A idon kamfanin rajista da ICANN, wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai shi, ba ruwansu da wa ya tura kuɗi ta banki. In yau Allah ya yi maka rasuwa, ko wayarka ta ɓace da lambar shiga, ko ka samu aiki a Katar ka canja layi, mutum talatin sun shiga uku a rana ɗaya ba su ci ba su sha ba.

Kuma ka lura, ko kamfanin rajista kansa ƙa'ida ta hana shi riƙe lambar EPP, wato lambar sirrin da ake ba sabon kamfani kafin ya karɓi domen, ko ƙin cire kulle don kawai yana rigimar kuɗi da mai domen. Abin da aka hana babban kamfani, mu muke yi wa 'yan'uwanmu.

Ɗan Gwale: Ƙa'idar Turawa ce, an yi ta a inda in mutum ya ci kuɗinka kotu za ta karɓo maka cikin wata. Ka zo Kano ka kai ƙarar dubu tamanin ka gani.

Baban Khalifa: Maganar imel da ka kawo gaskiya ce, amma tana da magani. Ka zaunar da kwastoma ka buɗe masa asusu da sunansa da lambar wayarsa, sannan ya ba ka izinin kulawa. Kamfanonin rajista irin su Namecheap da GoDaddy duka suna da wannan tsarin, ka shiga da naka asusun ka gyara DNS, wato bayanan da ke nuna inda shafi da imel suke zaune, mallaka tana wajensa. Ka sa ranar wa'adi a kalandarka, ka caje shi kuɗin kulawa na shekara a fili. Ka ga ka ci halak ɗinka, shi ma ya kwana da hankalinsa.

Ɗan Gwale: Na ji. Sababbi zan iya gwada haka. Amma masu bashina, sai sun biya.

Hajiya Mai Lalle: Allah ya shirya.

Maman Ilham: Ni dai nawa ban riƙe masa ko sisi ba, tafiya bautar ƙasa ce ta ɗauke shi ya daina ɗaga waya. Injiniya ba ka ce komai ba kan sunan baƙon kamfanin da na gani. Ko an sayar da ni ne ban sani ba?

Injiniya: A'a, ki kwantar da hankalinki. Waɗanda kike biya dillalai ne. Kamfanonin hostin, masu ba da hayar saba, da yawa a nan gida ba su da lasisin ICANN na kansu, suna saro .com ne daga wani babban kamfani su sayar da naira. Ba laifi ba ne. Amfanin sanin sunan shi ne ranar da dillali ya yi kunnen uwar shegu. Idan kin nemi lambar EPP, ƙa'ida ta ce a ba ki cikin kwana 5. In sun wuce shiru, ki rubuta wa babban kamfanin kai tsaye, don shi ke da alhakin abin da dillalinsa ya yi. In shi ma ya yi shiru, ICANN tana da fom ɗin koke na ƙaura a shafinta, kyauta ne. Ki adana duk saƙon da kika tura da kwanan watansa.

Mai Turare: Jama'a tun da ana maganar, ni ma ina tsakiyar tawa ƙaurar. Sun ba ni lambar amma sabon kamfani yana ta cewa ba daidai ba ce. Ga hoton allon ku duba min.

Admin: Na goge hoton. Alhaji, lambar EPP ɗinka ce ɓaro-ɓaro a ciki, ga sunan domen a sama, kuma ka riga ka cire kulle. Mutum sama da ɗari ne a gidan nan, ba duka muka san su ba. Duk wanda ya kwafe ta zai iya fara janye domen ɗin zuwa asusunsa. Ka koma yanzu ka mayar da kullen, ka nemi sabuwar lamba.

Mai Turare: Subhanallah! Na tafi.

Baban Khalifa: In ta zo kar ka rubuta ta da hannu. Na hango ta kafin a goge, akwai ƙaramin l da babban I da 1 a jere, ido ba ya rabe su a waya. Ka kwafa ka manna, kuma ka duba kar ka haɗo da fili a ƙarshe ko ɗigon da ya rufe jimlar saƙon. Sau da yawa wannan ne kawai matsalar.

Mai Turare: Na kulle, sabuwa ta zo. In buɗe in ci gaba?

Baban Khalifa: Dakata tukuna Alhaji. Nemsaba ɗinka, wato sabar da ke riƙe da bayanan DNS ɗinka, na waye? A shafin ICANN ɗin nan za ka gan su, layi biyu ko fiye.

Mai Turare: Sunan tsohon kamfanin ne a jikinsu.

Baban Khalifa: To kar ka motsa. Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane, kuma ba a ganinsa sai an faɗa. Bari in ba ku abin da ya faru a makarantar da nake kula wa da kwamfutoci. Hukumar makaranta ta sa aka mayar da domen wani kamfani, ƙaura ta tafi lafiya lau, aka turo saƙon taya murna, shafi na buɗewa. Bayan kwana biyu, ana tsakiyar sayar da fom, komai ya ɗauke. Shafi babu, imel babu. Sabon kamfani suka ce su domen kawai suka karɓa. Masu hostin suka ce sabarsu lafiya take, kuma gaskiyarsu. Ashe duk bayanan DNS a tsohon kamfani suke zaune, kyauta suke bayarwa ga wanda domen ɗinsa ke wajensu. Da domen ya bar su, suka share. Domen yana nan yana nuna nemsabar da ba ta san shi ba.

Shafin bai ba mu wuya ba, layi ɗaya ne, adireshin saba. Imel ne ya sha ruwan kanmu. Ba wanda ya taɓa rubuta MX ɗin, wato layin da ke nuna inda imel zai sauka, a wani wuri, ba SPF, ba DKIM, masu shaida cewa saƙo daga wajenmu ya fito, ga wani ƙaramin reshe na duba sakamako da wani ya kafa tun shekarun baya ba wanda ya tuna da shi sai da iyaye suka fara kira. Da muka dawo da MX, saƙo yana shigowa amma namu in mun tura sifam yake faɗawa, don sauran layukan ba su cika ba. Saƙonnin da aka turo a kwanakin duhun kuwa, wasu sun iso daga baya, wasu sun koma wa masu su.

Mai Turare: To yanzu me zan yi kafin in taɓa?

Baban Khalifa: Ka shiga wajen DNS na tsohon, ka kwafe kowane layi, ko wanda ba ka gane ba, musamman ma wanda ba ka gane ba. In akwai maɓallin sauke fayil ɗin gaba ɗaya ka sauke, in babu ka ɗauki hoto shafi-shafi ka ajiye wa kanka. Sai ka kafa su a inda za su zauna, ko wajen masu hostin ɗinka ko Cloudflare ko sabon kamfanin in sun yarda a shirya kafin isowa. Ka canja nemsaba tun domen yana tsohon wuri, ka ba shi kwana biyu, don bayanin nemsabar .com yana iya kwana biyu a ƙwaƙwalwar sabobin duniya kafin su sabunta. Ka tura wa kanka imel daga wani adireshi, ka amsa, ka gwada biyan kuɗi a shafin. Sai komai ya zauna ka fara ƙaura. Dalilin da ya sa ba a bari sai an fara: da zarar ya shiga pendingTransfer, wato ƙaura na kan hanya, yawanci ba ka iya canja nemsaba, ka zama ɗan kallo har kwana 5 in tsohon kamfani bai sake shi da wuri ba.

Injiniya: Ƙari biyu. Ka duba ko DNSSEC, tsarin tsaron da ke sa wa bayanan DNS hatimi da makulli, a kunne yake. In a kunne yake ka canja nemsaba ba ka cire shi ba, makullan ba za su dace ba, sai wasu su riƙa buɗe shafinka wasu a ce musu babu shi, ya danganta da layin da mutum yake kai. Irin wannan ya fi mutuwa gaba ɗaya wahalar ganowa, don kai yana iya buɗe maka ka rantse lafiya yake. Ka kashe shi, ka jira, ka kunna a sabon wuri bayan an gama.

Na biyu, in imel ɗinka irin na turawa ne, wato info@ shafinka yana zubawa a Gmail, wannan hidimar tsohon kamfani ce, ba ta bin domen. Kwafe layi ba zai dawo da ita ba, sai an kafa ta sabuwa.

Mai Turare: Irinsa ne kuwa nawa. Allah ya saka da alheri, da na yi ta jiran oda shiru in ce kasuwa ce.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Wanga zance na kwana 60 da kwana 5, ya shafi .ne namu na Nijar? Akwai wata ƙungiya da nike taimaka ma, suna so su sake kamfani.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Bai shafe shi kai tsaye ba. Ƙa'idar ƙaura ta ICANN tana kan irin su .com da .net da .org ne. Masu harafi biyu na ƙasashe, kowace ƙasa da hukumarta da dokarta. Namu .ng NiRA ce ke riƙe da shi, kuma a tsakanin kamfanonin da ta amince da su ake ƙaura. Naku ma sai ka nemi ƙa'idar masu riƙe da .ne. In rigima ta taso a waɗannan, fom ɗin ICANN ba zai yi maka aiki ba. Kuma kafin ka biya kowane kamfani na waje ka tabbatar yana karɓar irin domen ɗin, da yawansu ba sa ɗaukar .ne ko .com.ng sam.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai. Maganar DNS ɗin fa?

Injiniya: Ita kam ba ta san ƙasa ba, duk ɗaya ne.

Ɗalibi: Shi ya sa da muna amfani da na kyauta, .tk da .ml, ba ruwanmu da wannan ciwon kan.

Baban Khalifa: Ina suke yanzu? Freenom, kamfanin da ke raba su, ta daina ba da sababbi a 2023 bayan Meta ta kai ta ƙara, .ml kuma ya koma hannun gwamnatin Mali a shekarar. Na kyautan nan dama ba da sunanka suke ba, aro aka ba ka, shi ya sa ba ka da ikon ɗauke su ka kai wani wuri.

Hajiya Mai Lalle: Ni tambayata ga Maman Ilham ce. Ƙawata, kin tabbata ma ƙaurar za ta biya ki? Da wane kati za ki riƙa biyan na waje? Ni na tuna 2022 da bankuna suka mayar da katin naira dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Mutane nawa ne sabuntawarsu ta atomatik ta faɗi a lokacin ba su sani ba? Na gida ko ba komai ka tura musu ta banki ka kira su a waya ka yi masifa da Hausa.

Maman Ilham: Wallahi da katin dala na ƙanina na biya.

Hajiya Mai Lalle: Kin gani ko. Baɗi in ya canja kati fa?

Injiniya: Hajiya Mai Lalle ta taɓo inda ya dace. Kuma tsadar da Maman Ilham ta gani ba lallai zalunci ba ne. Da dala ake saro .com. A Satumban 2024 Verisign ta fara karɓar dala 10.26 a kan kowane ɗaya a shekara, ban da ɗan kuɗin ICANN. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Dillalin gida ba shi da yadda zai yi. Saboda haka duk wanda ya nuna miki .com ƙasa da dala goma, farashin shigowa ne, ki nemo shafin da suka rubuta kuɗin sabuntawa, yawanci da ƙananan haruffa. Ki duba kuma ko ɓoye bayanan mai domen kyauta ne ko da kuɗi. Cloudflare suna sayarwa a farashin sari ba riba, amma da sharaɗin dole nemsabarsu za ki yi amfani da ita.

Ɗan Gwale: A nan kam ina tare da Hajiya. Mai sayar wa 'yan Najeriya kaya ya kama .com.ng ya biya da naira ya huta.

Baban Khalifa: Ga sabon shafi, na yarda. Amma wadda ta buga .com a leda shekara huɗu ba ta sake suna don ragin 'yan dubbai. Ta sayi .com.ng ɗin ta ajiye ya riƙa turawa zuwa babban, kar wani ya riga ta.

Admin: Kuma na waje ma ba tabbas ne da su ba. Waɗanda suka kai nasu Google Domains don su huta, a 2023 aka sayar da sashen ga Squarespace, aka kwashe su gaba ɗaya ba wanda ya tambaye su.

Maman Ilham: Na sabunta a tsohon yanzu, sabon kwanan wata ya fito a shafin ICANN ɗin ma na duba. Zan yi lissafin da Injiniya ya ce kafin kullen ya sauka. In bambancin bai taka kara ya karya ba, ƙila in zauna.

Injiniya: Madalla. Abu ɗaya ki duba yau: imel ɗin da kika sa a rajistar, kar ya zama na kan domen ɗin kansa. In domen ya samu matsala imel ɗin ma ya mutu, kuma ta nan za a turo miki hanyar gyara. Ki sa wanda yake waje, ki kunna masa tabbatarwa ta mataki biyu.

Maman Ilham: Gmail ne, alhamdulillah.

Mai Turare: Jama'a barkanmu da war haka, na dawo da rahoto. Na bi yadda Baban Khalifa ya ce, na mayar da DNS wajen masu hostin, na kafa imel sabo, na jira, sannan na fara. Tsohon kamfani suka turo saƙo mai maɓalli biyu, babba kore wai in zauna za su rage min kuɗi, ƙarami a can ƙasa na amincewa da tafiya. Saura kaɗan in danna koren. Na danna ƙaramin, ba a yi awa ba ya sauka a sabon wuri. Shafi bai ko ƙifta ba.

Baban Khalifa: Barka Alhaji. Saura abu biyu. Ka duba kullen a sabon wurin yana kunne. Sannan sabon kamfani zai turo saƙon tabbatar da imel, in ba ka danna cikin kwana 15 ba za su dakatar da domen ɗin, ka ga clientHold, shafi ya ɗauke alhali ka biya komai. Ka gan shi?

Mai Turare: Ban ga komai ba.

Baban Khalifa: Duba sifam. Amma ka karanta adireshin wanda ya turo da kyau, 'yan damfara suna kwaikwayon irin saƙon nan. In kana shakka ka shiga asusunka da kanka ka ce a sake turowa.

Mai Turare: Ga shi can kuwa a sifam, tsakanin tallan bashi da na maganin ƙiba. Na shiga asusun na sa sun sake turowa, na danna wannan. Ya nuna an tabbatar.

Ɗan Gwale: Alhaji ka kuma sani yanzu wani kwana 60 ɗin ya hau kanka, in sabon wurin bai yi maka ba sai ka jira.

Mai Turare: Ni da sake tashi ai sai dai in su suka kore ni.

Ɗalibi: Don Allah kafin a watse, in mutum yana so ya ɗauke hostin ɗin ma ba domen kaɗai ba, WordPress ne, daga ina ake farawa?

Admin: Wannan wata maganar ce mai tsawo. Buɗe mata nata zaren, ka faɗi girman shafin da inda imel ɗinka yake zaune.